'Ya'yan Farin da Kawu Bai Ƙirga Ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, wanda ya iya lissafi da wanda bai iya ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa da ke Gyadi-Gyadi. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa, kafin la'asar kuma har ya zama Farfesa. Ban san wanda ya naɗa shi ba. Ni dai daga bakin sabon kansilan mazaɓar na fara ji, don lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, mutumin kuma bai sauke muryar kamfen ɗinsa ba tukuna. Yana ƙofar gida cikin maza, muna tsakar gida cikin mata, amma ko kalmarsa ɗaya ba ta ɓace mana ba. Ya ce Kano ta yi rashin fitila, ya ce zai kai magana majalisa a sa wa layin sunan marigayi. Layin nan kuwa kwatarsa ta fi shekara goma tana shiga zauren Kawu duk damina, babu wanda ya taɓa kai maganarta ko'ina.

Matan ma ba a bar su a baya ba. Wata maƙwabciya da na sha ji da kunnena tana cewa boko ya taɓa kan Malam, ita ta fi kowa jan majina. Wata ta ce ai bawan Allahn nan waliyyi ne, in ya dubi allonsa ya ce aure zai yi kyau, to an gama. Kowa ya ɗauka da "Allah sarki", ana ta miƙa kwanukan abincin da maƙwabta suka aiko. Ina gefe da 'yata a jikina, idanunta sun yi ɗorawa kamar yadda suke yi in ciwonta zai tashi, kuma babu wadda ta yarda ta dube mu sau biyu.

Dalilin wannan rubutu ke nan. Ba na so a manta da Kawu, amma wannan waliyyin da suke ƙerawa ban san shi ba, kuma tsoronsa nake ji. A ranar akwai wata yarinya zaune kusa da ni tana kuka na gaskiya, jikar Kawu ta wajen babban ɗansa. An sa ranar aurenta da ɗan kansilan nan bayan sadakar arba'in, kuma abin da aka dogara da shi kaf shi ne Kawu ya duba allo ya ce babu komai. Haka ya taɓa ce mini ni ma.

Kawu ba Farfesa ba ne. Malamin lissafi ne a wata sakandaren maza har ya yi ritaya. Ya dai taɓa zuwa ƙasar waje ƙaro karatu na shekara biyu, ya dawo da kwat ɗaya da tabarau da raini, kuma a cikin ukun rainin ne kawai bai taɓa koɗewa ba. In ka kawo masa zance sai ya dube ka ta saman gilashi ya ce, "Ka ƙirga, ko ji ka yi?" Da wannan tambayar ya kore abokai da yawa daga zaurensa. Matarsa ma, Allah ya ba ta haƙuri, in ta ce abinci ya yi tsada sai ta kawo hujja.

Tambaya ɗaya ce ta cinye masa rayuwa. Ya ce kowane ciwon gado wata rana a jikin mutum ɗaya ya fara, wani ɗan sauyi a cikin ƙwayar halitta wanda mai shi ma bai san da shi ba. To me ke sa wannan sauyin wani lokaci ya mutu tare da mai shi, wani lokaci kuma ya bi aure da haihuwa har ya game gari? Don ya amsa wannan sai ya sa kafinta ya yi masa faifan katako mai ramuka kamar na dara, ya ja layuka tsakanin ramukan. Kowane rami mutum ne, kowane layi dangantaka. Sai ya zuba farin wake a ko'ina, a rami ɗaya ya sa ɗan tsamiya. Lambobin ramukan suna cikin tsohuwar hularsa. Ramin da aka zaro lambarsa ya haihu, ɗansa ya ƙwace mazaunin wani maƙwabci da layi ya haɗa su. Haka za a yi ta yi har ɗan tsamiya ya ɓace ko ya cika faifan, sai a rubuta, a sake daga farko.

Ni ce mai zaro lamba tun ina aji ɗaya na sakandare, don 'ya'yansa duk sun gudu. Ni kuma son abin nake yi, ba zan ɓoye ba. A wurin na ga da idona cewa ba yawan ramuka kaɗai ke yanke hukunci ba, yadda aka saƙa su ma yana yi. In ramukan a zobe suke, kowa maƙwabtansa biyu, to ɗan tsamiya damarsa ɗaya da ta kowane wake, ko'ina ka ajiye shi. In kuwa rami ɗaya ne a tsakiya sauran duka suna manne da shi, wanda ya faɗo a tsakiyar, da kowa zai zaci shi ne mai sa'a, shi ake fara sharewa, don kowa a kansa yake haihuwa. Kawu yakan yi dariya ya ce a kai wa masu juyin mulki wannan faifan su gani. Har yau da shi nake koya wa ɗalibaina mata a Tarauni, kuma har yau in na ɗauko wake raina yakan yi daɗi kafin ya ɓaci.

Akwai maganar da ya maimaita mini fiye da sau ɗari a kan wannan faifan. "Lissafin nan na gari ne, ba na mutum ɗaya ba. Zai gaya miki inda abu ya nufa, ba zai gaya miki abin da ke jikin wane ba." Ku riƙe wannan, don shi da ya faɗa bai riƙe ba.

Wana da nake bi ya rasu yana ɗan shekara bakwai, sikila ce ta yi ajalinsa, wadda tsofaffi ke kira amosanin jini. Rashin nan bai bar ran Kawu ba, shi ya sa bayan shekaru ya ce wake ya isa, mutane zai ƙirga. Ya riƙa hawa tsohon babur ɗinsa yana bin gidajen dangi da na surukan dangi, daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni zuwa Unguwa Uku, yana zama gaban tsofaffin mata da littafi. 'Ya'yanki nawa, wa ya auri wa, wane yaro ne ya tafi da kumburin hannu da ɗorawar ido. Maza bai tambaye su ba, ya ce rabinsu ba su san yawan 'ya'yansu ba. Yara da samari kuwa ya ce jiya aka haife su. Daga nan ya kafa babban allo a ɗakin zaure, kowane mutum ƙusa, kowace haihuwa zare. Gidan da ciwon ya taɓa fitowa baƙin zare ke fita daga cikinsa, gidan da bai taɓa ba fari. Ni na ɗaura fiye da rabin zaren nan da hannuna.

Abin da yake nema da allon mai kyau ne: ya ga yadda auren gida da auren maƙwabta ke juya ciwon a cikin unguwa. Mutane ne suka gano masa wani amfani. Gwajin jini yana nan a asibiti, tafiyar ƙafa ce daga gidansa, amma wa zai je? Rabin ma'aikatan asibitin a unguwarmu suke haya. Wadda za ta ɗebi jininka da safe ita za ka tarar a gidan suna da yamma, kuma takarda ba ta iya rufe baki. Sai aka riƙa zuwa wajen Kawu a sace, a ce Malam, ga wane ga wance, a duba mana. Da farko korar su yake yi, ya ce su tafi asibiti. Amma alhazan da a da ba sa amsa gaisuwarsa da kyau sai ga su suna cire takalmi a bakin zaurensa suna durƙusawa, kuma Kawu ya ɗanɗana ya ji zaƙi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zagin bokaye da 'yan duba sai ga shi ya zama ɗan duba mai rula. Bai taɓa karɓar ko goro ba, wannan shaida ce da zan ba shi har gaban Allah. Durƙuson yake karɓa.

Da maganar aurena ta taso, gidanmu an san baƙin zare ne, saboda wana. Na ce a yi gwaji. Gidan manemina a Unguwa Uku suka ɗauki zafi, suka ce ko an ga wani abu a jikin ɗansu ne. Sai mahaifiyata ta ja ni zuwa zauren wanta. Ya bi zaren da ɗan yatsa daga ƙusar manemina zuwa ta Inna, wadda kowa ya sani a matsayin uwarsa, zuwa ta mijinta, ya haura har kakanni.

"Me za ki je nema a asibiti?" ya ce. "Ga shi nan fari tas, hawa uku. Ko kin fi allon sani ne yanzu, Malama?"

Ni da na ji waccan maganar tasa sau ɗari, ni da ke da takardar koyar da lissafi a jaka, na yi shiru saboda ina son mutumin kuma amsar ta yi mini daɗi. In ina rabon raini a cikin wannan rubutu, to kasona na fara cirewa.

A gidan miji na tarar da wata mata mai sanyin murya, matar ƙanen Inna, wadda mijina ke kira Yaya. Ba ta zama in ya shigo, ba ta kallon inda yake, in za ta yi zancensa sai ta ce "yaron nan" ko "mutumin gidanku". Na tambaye shi ko ba sa shiri ne. Ya yi dariya ya ce ai ita ta haife shi. Ɗan farinta ne, ana yaye shi Inna ta ɗauka, kuma tun daga nan ko sunansa bai taɓa ji a bakinta ba. Ni ma na yi dariya, na ce kunyar mutanen da sai su. Wallahi allon Kawu bai ko faɗo mini a rai ba.

Sai da 'yata ta shiga wata na takwas, hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ta yi kwana biyu tana wani irin kuka da na sani tun ina yarinya. Asibiti suka ɗebi jininta da nawa da na ubanta, suka ba mu takardar da muka guje wa. Daga can ban je gida ba, achaɓa na hau zuwa Gyadi-Gyadi. Na tsaya gaban allon na nemi ƙusar Yaya. Tana nan, baƙin zare ya shigo mata daga gidan ubanta, kuma 'ya'ya biyar ne a ƙarƙashinta. Shida ta haifa. Da Kawu ya zauna gabanta da littafi ya ce ta lissafa masa, daga na biyu ta fara, kamar yadda kowace uwa mai kunya za ta yi. Da ya je wajen Inna, ita kuma da shi ta fara, don wace mai riƙo ce za ta ce ɗan riƙonta ba nata ba ne? Babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu. Na duba sauran allon, na ga duk inda aka ba da ɗan fari riƙo, a ƙarƙashin gwaggo ko kaka ko yayar uwa ƙusarsa take.

Na shimfiɗe 'yata a kan tabarmarsa na nuna masa. Ya daɗe yana duban allon, bai dubi yarinyar ba.

"Lissafi bai yi kuskure ba," ya ce. "Ƙarya matan nan suka yi mini."

"Kawu, kai ɗan wa ne?"

Shi kansa ɗan fari ne. Kakarsa ce ta rene shi, kuma mahaifiyarsa har ta koma ga Allah "mai boko" take ce masa. Wannan al'adar a cikinta aka yaye shi, amma shekara biyu a ƙasar sanyi ta isa ta sa ya zaci in ka tambayi Bahaushiya yawan 'ya'yanta lamba za ta ba ka. Na ce ya sauke allon, ko ya koma gida gida ya gyara. Ya ce in fita masa daga zaure, ba a yi yarinyar da za ta koya masa aikinsa ba. Na fita, na yi shekara ban taka gidan ba.

Duk da haka ba zan ci amanar mamaci ba. Ranar da jinin 'yata ya yi ƙasa aka rasa wanda nasa zai dace, sai ga Kawu a bakin ɗakin yara da kwat ɗinsa, ya riga ya naɗe hannun riga. Ma'aikaciyar ta ce Baba shekarunka sun ja, ya dube ta ta saman gilashi har sai da ta kawo allura. Daga ranar, duk kwanciyar da za a ba mu sai ya zo da hantsi ya zauna a bakin gado da faifansa, yana barin yarinyar ta yi masa magudi da 'ya'yan tsamiya, abin da da ni na yi da na sha ranƙwashi. Tana ƙaunarsa ƙwarai. Ya ba ta jininsa da yininsa, amma "na yi kuskure" bai taɓa fita daga bakinsa ba, ƙusa ɗaya kuma bai matsar ba. Ya dai rufe allon da zani ya daina duba na wasu shekaru, na zaci tubansa ke nan.

Sai mulkin farar hula ya dawo. Mutanen da jiya muke hawa motar hayis tare suka wayi gari da manyan riguna, kowa yana neman gidan da zai ƙulla surukuta da shi. Suka tuna da Malam mai allo. Kansila da kansa ya durƙusa a zauren nan yana neman jikar Kawu wa ɗansa, Kawu kuma ya yaye zanin.

Washegarin rasuwa na sami babban ɗansa na ce a kai yaran nan gwaji, don yarinyar jininmu ce, kuma allon ba abin dogaro ba ne. Ya ce ƙasar kabarin Baba ba ta bushe ba zan fara tona shi. Ya ce nawa ƙaddara ce, kowa ya sani, in kuma aka ce ɗan kansila ya je gwaji ai an zage su. Na lura ya riga ya sa an goge ƙurar allon, har yana tunanin shi zai gaji zaman zauren, mutumin da ko jadawalin bakwai bai haddace ba.

Ranar sadakar uku tsakar gida ta cika. Surukaina sun zo daga Unguwa Uku, Inna a kan tabarmar manya, Yaya a can bakin rariya inda take son raɓewa. Ana raba gumba wata ta sake ɗauko zancen cewa allon Malam bai taɓa kuskure ba, ga ma auren jikarsa da ya sa wa albarka kafin ya tafi. Na ji bakina ya buɗe. Na ce ya yi kuskure a kaina, na faɗi yadda aka yi, na ce ya rubuta mijina ɗan Inna alhali ba ita ta haife shi ba. Na san abin da na taɓa. A gaban mutane ba a faɗin wannan, ko da kowa ya sani.

Inna ta miƙe zaune. "Ɗana ne. Ni na goya shi, ni na yi masa aure. Duk wadda ta ce ba ɗana ba ne ta zo ta faɗa a gabana."

Aka yi mini caa. Wata ta ce baƙin cikin ciwon 'yarta ne ya taɓa ta, wata ta ce ai Inna ta gama magana. Matar babban ɗan ta ja hannun 'yarta za su shige ɗaki. Na ga abin ya kuɓuce mini, na kuma san bayan sadakar arba'in za a ɗaura auren.

Sai aka ji magana daga bakin rariya, ƙasa ƙasa, har sai da aka ce a yi shiru. Yaya ce, kanta a sunkuye, ta ja mayafi har goshi.

"Ki yi haƙuri," ta ce wa Inna. "Naki ne duniya da lahira. Amma ni na haife shi. Malam ya tambaye ni, na tsallake shi."

Sannan ta faɗi sunansa, cikakke, yadda aka raɗa masa. Ta ce ƙannenta biyu wannan ciwon ya ɗauke, ta ce a kai yarinyar nan asibiti don Allah. Inna kuwa kuka kawai ta sa.

Da safe jikar Kawu ta zo gidana da mahaifiyarta, na raka su asibiti. Gwaji ya nuna tana ɗauke da ƙwayar ciwon, kamar yadda nake ɗauke da ita. Aka aika wa kansila cewa sai ɗansa ya yi nasa. Ya ce gidansa ba a gwada su, ya aiko a mayar masa da kayansa, layin kuma har yau sunansa na da yake amsawa. Babban ɗan Kawu ya daina gaishe ni, ban kuwa rame ba. Allon yana nan a ɗakin zaure, babu mai zuwa.

Da na ba mijina labarin abin da ya faru a tsakar gida, bai tambayi yadda aka ƙare da maganar auren ba. Mutum ne da furfura ta fara fito masa. Sai ya ce, "Sunana ta faɗa? Da bakinta?" Ya sa na maimaita masa yadda ta faɗe shi har sau biyu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da jinin da ya bayar da ilimin da ya koyar, kada ya kama shi da girman kansa. A wajen ta'aziyya an yi ta cewa kowa ya yafe masa, ni ma an tambaye ni. Na yafe masa abin da ya yi mini, don da hannuna a ciki. Na 'yata kuwa ba nawa ba ne da zan yafe. Ita za ta faɗa da bakinta, in Allah ya sa ta girma.